Mona Lisa ta ɗaura ɗankwali: kwaikwayon tsohon zane da fuskar da waya ke so

Sata ce ko gwaninta? Tambayar da ta raba fadarmu gida biyu ke nan a wani dare, tun shayi na fari har na uku. Wani yaro ne cikin masu zane a waya ya saki hoto a WhatsApp: matar nan ta tsohon zanen Turawa da ake kira Mona Lisa, ya kafa mata ɗauri ture-ka-ga-tsiya, ya sa mata atamfa, ya zizara mata lalle a hannuwan nan da ta ɗora ɗaya kan ɗaya. Irin waɗannan hotuna sun cika wayoyi yanzu, kuma duk inda aka nuna ɗaya sai an yi gardama.

Wasu suka ce ɓarawon zaune ne, gumin wani ya ɗauka. Wasu suka ce ai ya burge, ya mayar da Baturiya ƴar Maraɗi. Babban yayanmu na fada ya ce duk ɓata lokaci ne, da ma zanen mai rai ba abin yi ba ne. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na nemo hoton zanen na asali na jera su. Ta asali ba ta da gira a bayyane, kumatunta a cike, goshi fili guda, haɓa mai nama. Ta yaron namu kuwa gira kamar an ja da reza, hanci ya tsuke, leɓe ya cika, ido ya ƙara girma, fata sumul kamar tangaran. Ɗankwalin kowa ya gani. Fuskar da aka musanya ba wanda ya lura, har shi mai zanen, don da na tambaye shi cewa ya yi: "Wallahi Yaya ban taɓa fuskar ba, ɗan gyarawa kawai na yi."

Abu biyu ne ke nan a cakuɗe. Akwai maganar ko ya halatta a kwafi tsohon zane, wadda ita ce ke cin bakin mutane. Akwai kuma maganar abin da ke samun fuska idan ta ratsa ta hannun mai zanen zamani, wadda a ganina ta fi ta farkon nauyi.

## Kwaikwayo suna ne da ya tara abubuwa uku

Gidan tarihi, irin namu na Boubou Hama da ke Yamai tun 1959, wuri ne da ake adana kayan da don a gani a yi nazari. Na Turai da yawansu cike suke da zanen fenti: sarakuna, matan attajirai, yaƙe-yaƙe, labaran addininsu. Tun da aka buɗe gidan tarihin Louvre na birnin Paris a 1793 masu koyon zane suke shiga da kayan aikinsu, su kafa a gaban aikin wani gwani su kwafe shi. A farkon lamarin ma ranakun da aka ware musu sun fi na ƴan kallo yawa. Har gobe ana yi, da izini, bisa sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asali, kuma kada a kwafi sa hannun mai zanen. Wannan shi ne na farko, kwaikwayo na koyo, kuma ba baƙonmu ba ne. Almajiri hannun malaminsa yake bi a allo har nasa ya faɗa. Mai ɗinkin babbar riga bai ƙirƙiro aska takwas ba, tarar da ita ya yi, kuma ba a taɓa kiransa ɓarawo ba.

Na biyu, a ɗauki tsohon aiki a juya shi, kowa ya san inda aka ɗauko. Van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holan, yana jinya a asibitin masu taɓin hankali a kudancin Faransa, tsakanin 1889 da 1890, ya samu kwafin zane-zanen manoma na Millet, baƙi da fari, ya sake su da launukan da ransa ya ba shi. Ya ce a wurinsa kamar fassara ce zuwa wani harshe. Picasso a 1957 ya tasa zane guda na Velázquez a gaba ya fitar da jerin zane 58. Tun a 1919 Marcel Duchamp ya samu ɗan katin Mona Lisa mai arha ya yi mata gashin baki da gemu. Yaronmu mai ɗankwali a wannan sahu yake, ko ya sani ko bai sani ba, kuma an riga shi da shekara ɗari da ɗoriya.

Na uku shi ne jabu: ka kwaikwayi hannun wani, ka sa sunansa, ka sayar a matsayin nasa. Wani ɗan ƙasar Holan, Han van Meegeren, ya shafe shekarun 1930 da farkon na 1940 yana zana hotuna yana cewa na Vermeer ne, gwanin zanen ƙasarsu da ya rasu tun 1675. Manyan masana suka sa hannu cewa na gaske ne. Ɗaya ma ya faɗa hannun Hermann Göring, na hannun daman Hitila. Da aka gama yaƙin duniya na biyu aka kama shi da laifin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa, sai ya ga gara a kira shi maƙaryaci da a kira shi maci amana, ya tona wa kansa asiri, har ya zana wani a gaban masu gadi don a yarda. A 1947 aka yanke masa shekara guda.

Abin da ya sa na tsaya a kansa shi ne wannan. Yau idan aka kalli jabun nan, mamaki ake yi yadda suka ruɗi masana, don fuskokin da manyan idanunsu masu nauyi sun fi kama da taurarin fim na shekarun 1930 fiye da mutanen zamanin Vermeer. Mutanen lokacin ba su gani ba, saboda ita ce fuskar da idonsu ya saba kira kyakkyawa. Mai kwafi yakan zuba fuskar zamaninsa cikin aikin ba da saninsa ba, ƴan zamaninsa kuma ba sa gani. Abin da ya faru a fadarmu ke nan.

## Yaya aka yi abin ya iso wayar ɗan Maraɗi?

Da, ganin waɗannan zane-zane sai mai biza da kuɗin jirgi, ko wanda ya yi sa'ar wani tsohon littafi a ɗakin karatu. Gidajen tarihin ne da kansu suka buɗe ƙofa. Rijksmuseum na Amsterdam ya fara sakin hotunan kayansa masu kaifi a intanet a 2012. Babban gidan tarihin Metropolitan na New York ya saki hotuna 375,000 a 2017, kowa ya yi abin da ya ga dama da su. Smithsonian ta Amurka ta bi da miliyan 2.8 a 2020. Louvre ya sa bayanan kaya sama da 480,000 a intanet a 2021, ko da yake shi don kallo ne, bai ce a kwasa a yi kasuwanci ba.

Kayan aiki ma suka yi arha. Da manhaja irin ibisPaint, yaro zai ɗora tsohon zane a ƙasa, ya dusashe shi, ya shimfiɗa sabon fili a kai yana bin layi da yatsa, kamar yadda muke ɗora takarda shara-shara kan taswira a lakwal. Ba fenti, ba burushi, in ya yi kuskure ya koma baya. Daga 2022 kuma sai ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion, waɗanda ko yatsan ba sa buƙata. Rubuta musu za ka yi, su fito da hoto kafin ruwan shayi ya tafasa.

## Doka ta ce me?

Nan amsar ba ta da wuya. Haƙƙin mallakar zane ba ya dawwama. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda Nijar ke ciki, ta sa mafi ƙarancinsa shekara 50 bayan rasuwar mai aikin, Turai da Amurka kuma sun kai nasu 70. Leonardo da Vinci, wanda ya zana Mona Lisa, ya rasu a 1519. Mona Lisa ta daɗe da zama ta kowa, ba magajin da zai kai yaronmu ƙara. Picasso kuwa a 1973 ya rasu, nasa da saura.

Italiya ce ta fita daban, don dokarta ta kayan gado ta ce sai da izini da biyan kuɗi kafin a yi kasuwanci da hoton kayan gidajen tarihinta, komai tsufansu. A 2022 gidan tarihin Uffizi ya tasa mai ɗinkin nan na Faransa, Jean Paul Gaultier, a gaba kan buga zanen Botticelli a jikin tufafi. Abin dariya, shekara na zagayowa gwamnatin Italiyar da kanta ta ɗauki matar da ke cikin zanen, ta sa mata kayan ƴan matan zamani tana cin fiza, don tallan yawon buɗe ido, ƴan ƙasar suka yi ta yi mata ba'a.

Inda yaranmu ke taka doka ba su sani ba shi ne kwafin aikin mai rai: hoton da wani mai ɗaukar hoto na Yamai ko Kano ya ɗauka, ko zanen wani yaro ɗan'uwansu, a goge sunansa a sa nasu. Wannan shi ne hurumin BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, kuma shi ne ya cancanci sunan sata.

## Su ma na da ɗin sun iya gyara

Kada a ɗauka tsohon zane madubi ne. A 1912 Jamusawa suka tono sassaƙen kan Sarauniya Nafartiti a Masar, yana Barlin har yau, shekarunsa sun haura 3,300, kuma ana buga misali da kyansa. Da aka sa shi a na'urar asibiti mai leƙa ciki, binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna akwai wata fuskar ta dutse a ƙarƙashin farar ƙasar da aka shafe shi da ita, mai ƴan tamoji a gefen baki da ɗan tudu a karan hanci. Wato masassaƙin ya fara fitar da fuska, sannan ya bi ya lailaye ta. Filta ke nan tun zamanin Fir'auna.

A 1539 Sarki Henri na 8 na Ingila ya aiki mai zanensa Holbein ya zano masa wata gimbiyar Jamus, Anne ta Cleves, don ya ga matar da ake son ya aura. Ya ga zane ya amince. Da amarya ta iso sai ya ce sam ba ta yi masa ba. Aka ɗaura aure a Janairun 1540, aka warware shi a Yuli. Masana tarihi suna gardama kan ko laifin zanen ne ko na bakin ƴan aike da siyasar fada, amma duk wanda aka taɓa tura wa hoton yarinya a waya kafin ya je gani da ido ya fahimci labarin. Zanen yana Louvre.

Ma'aunin kyan ma bai taɓa tsayawa wuri guda ba. Matan Italiya da Faransa na ƙarni na 15 sukan tsige gashin gaban goshi don goshin ya yi faɗi, abin da a nan za a yi wa yarinya tsiya a kai. Rubens a ƙarni na 17 mata masu jiki yake zanawa, da ninkin nama a kwiɓi, kuma su ne kyawawan zamaninsa. Ingres a 1814 ya zana wata mata ta ba da baya, ya ja gadon bayan har masu suka suka ce ya ƙara mata ƙashi uku. Wanda ya bi ɗakunan gidan tarihi a jere zai ga kyau yana sauya kama daga ƙarni zuwa ƙarni, daga gari zuwa gari. Amfanin wurin ke nan.

## To mene ne sabo? Fuska ɗaya

Gwanayen da kowa gyaransa daban, don idon Holan daban da na Italiya. Gyaran yau kuwa wuri ɗaya ya nufa. Ka ɗauko mata goma daga ƙarni biyar ka ba masu zanen waya, abin da zai dawo maka ƴan uwa ɗaya uba ɗaya ne: ƙaramin hanci, cikakken leɓe, manyan idanu masu ɗan ja zuwa sama, ƙashin kunci a tashe, haɓa siririya, fata ba tabo ba ramin gashi. A 2019 wata marubuciya a Amurka, Jia Tolentino, ta yi rubutu a kan wannan fuska ta kira ta "fuskar Instagram", sunan kuma ya bi fuskar.

Dubi zanen Vermeer na wajen 1665, yarinyar nan mai rawani shuɗi da ɗan kunnen lu'ulu'u, da ke gidan tarihin Mauritshuis a Hague. Ka jawo hoton kusa. Girarta da ƙyar ake gani. Karan hancinta ba shi da layi, ya narke cikin hasken kunci. Lu'ulu'un kansa ɗan shafin fenti ne guda biyu, ko maratayi ba shi da shi, idonka ne ke ƙarasa sauran. Gwanintar tana cikin abin da ya bari bai zana ba. Mai kwafi a waya kuwa, da yake yana iya jawo hoto har ya ga ƙwayar ido, sai ya ga kamar an bar aiki ba a gama ba. Ya ja gira, ya fitar da hanci, ya jera gashin ido ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa leɓe sheƙi. A 2023 da aka ba da aron zanen, gidan tarihin ya gayyaci jama'a su aiko da nasu kwaikwayon, aka samu kusan 3,500. Cikin ƴan kaɗan da aka rataye a gurbinsa har da wanda aka yi da Midjourney, fuska sumul tana ƙyalli, masu zanen hannu suka yi ca a kan gidan.

Dalilan wannan haɗuwa a fuska guda ba ɓoyayyu ba ne. Mai koyon zane a yau ba a gaban mutum yake koyo ba, a gaban bidiyon wani mai zane yake koyo, wanda shi ma daga wani bidiyon ya koya, kuma salon zanen Japan mai manyan idanu da ɗigon hanci ya shiga jinin kusan kowa. Kayan aikin kansu suna da maɓallin lailaye fata da na tsuke fuska, abin da ke kusa da yatsa kuwa shi ake dannawa. Sannan ga kasuwa: hoton da ya fi samun dangwale shi manhaja ke ƙara turawa, mai zane ya ga abin da ya karɓu ya ƙara yin irinsa.

Na ƙirƙirarriyar basira ya fi zurfi. Ita ba ta san kyau ba, abin da aka ɗura mata take amayarwa. Ɗaya daga rumbunan hotunan da aka horar da irin waɗannan manhajoji da su, LAION, ya ƙunshi hotuna sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet. Fuskar wa ta fi yawa a intanet? Ta ƴan talla da taurari, waɗanda su ma an riga an gyara hotunansu. A 2017 kamfanin FaceApp ya nemi afuwa bayan an lura maɓallinsa na ƙara kyau yana haska fatar baƙaƙe, ya ce matsalar daga hotunan da aka horar da manhajar ne. Na'urar ba ta da ƙiyayya. Ba ta dai saba ganinmu ba, abin da ba ta saba gani ba kuma lahani take ɗaukarsa.

## Hoton Inna

Na ga wannan da idona. Kakata ta wajen uba, da muke kira Inna, Bagobira ce ta Tsibiri. Hoto ɗaya ta bari a duniya, na katin ɗan ƙasa, baƙi da fari, bai fi kwalin ashana ba, ya sha ninki a cikin adaka. Gwaggona ta ce a girmama shi a sa a gilashi. Na kai wa wani yaro mai shagon buga kalandar biki da sitika a kusa da babbar kasuwa. Ya ɗauke shi da waya, ya zura a wata manhaja ta gyaran tsofaffin hotuna, kafin in gama amsa gaisuwar maƙwabcinsa har ya miƙo mini.

Hoto ya yi kyau, ba ƙarya. Layin ninkin ya ɓace, ido ya fito tar. Na biya jika biyu na kai gida ina murna. Gwaggo ta karɓa, ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi, ta juyo ta dube ni.

"Kai ɗan nan, ɗiyar wa ce wagga? Ina askarta?"

Sai a lokacin na duba. Askar Gobirawa da ta taso daga gefen bakin Inna ta bazu zuwa kunne, babu ko ɗaya. Manhajar ta ɗauke ta a matsayin ƙarzuwar takarda ta share tare da ninkin. Fatar da muka sani baƙa mai sheƙi ta koma wankan tarwaɗa. Hancin ya miƙe. Wata kyakkyawar mata ce da ba a taɓa haifa ba, sanye da kallabin kakata.

Ba kiran a koma yi wa jarirai aska nake ba. Al'adar tana ja da baya da kanta, a Najeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana. Amma fuskar wadda ta riga ta rayu da ita ta mutu da ita shaida ce: ta faɗi garinsu, ta faɗi gidansu. Kawunan yumɓu na Bura, da aka gano a yammacin ƙasar nan a 1975, masanin kayan tarihi Boubé Gado ya jagoranci tono su a 1983, da yawansu suna ɗauke da tsage-tsage a fuska, wasunsu sun haura shekara 1,000. Kawunan tagulla na Ife ma haka, layi-layi daga goshi har haɓa. Maginan da suka yi su ba su ga tsagar a matsayin abin sharewa ba. Mu da ba mu da ɗakunan zanen fenti irin na Turai, adakar tsofaffinmu ita ce gidan tarihinmu, kuma ita muke miƙa wa manhaja hoto bayan hoto.

Gaskiya kuma a faɗe ta: son farar fata bai jira waya ba. "Farar mace alkyabbar mata" karin maganarmu ce, ba Bature ya koya mana ba. Fina-finan Indiya sun yi shekaru suna aiki a idonmu. Sai dai a da ma'aunin yana da yawa. Ana yabon wushirya, ana yabon dogon wuya, ana yabon baƙa mai sheƙi. Tsofaffi sun ga zamanin da jan haƙori na fure da goro ado ne. Mace mai jiki ita ce ta samu hutu, har Zabarmawa suna da bikin hangandi na matan da suka ciko. A arewacin jiharmu, wajen Bermo, Woɗaaɓe maza ne ke yin kwalliyar gerewol, suna zare ido suna bayyana haƙora, mata na zaɓe. Duk wannan a ƙasa guda. Shi ne ake tacewa a bar guda ɗaya.

## Masu cewa a bar yara su yi

Suna da hujja mai ƙarfi, kuma rabinta ina tare da su. Ɗakunan gidajen tarihin Turai sun daɗe suna nuna baƙar fata a matsayin bara mai riƙe da tire a gefen hoto, ba suna. Wani zane na 1800 da ke Louvre, na wata baƙar mace a zaune, ya shafe sama da shekara 200 ana kiransa da launin fatarta kawai, sai a 2019 aka mayar mata da sunanta, Madeleine. Don haka idan mai zane ya ɗauki kujerar sarki ya zaunar da namu a kai, magana yake yi. Kehinde Wiley, Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a 2005 ya ɗauki shahararren zanen Napoleon a kan doki ya ɗora wani baƙin saurayi da kayan titi. Shi ne daga baya ya zana hoton Obama na 2018. Omar Victor Diop na Senegal a 2014 ya yi jerin hotuna yana shiga kamannin ƴan Afirkan da Turawa suka zana a ƙarnonin baya.

Cikin waɗanda Diop ya kwaikwaya akwai Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu da ke Senegal ta yau, mahaddacin Alƙur'ani, wanda aka sayar bawa zuwa Amurka, ya kuɓuta ya biyo ta Landan, William Hoare ya zana shi a 1733. Ayuba ya ce in dai za a zana shi, to da tufafin ƙasarsu. Mai zanen ya ce ba zai iya zana abin da bai gani ba, sai an kwatanta masa. Ayuba ya mayar masa: to don me wasunku ke zana Ubangiji, wanda ba wanda ya taɓa gani? Zanen yana nan, farin rawani, farar riga, littafi rataye a wuya, fuskar kuma tasa ce.

Bambancin waɗannan da abin da ke yawo a wayoyinmu shi ne, su tsarin zanen suka ara suka kawo fuskar gaske. Namu yaran sun kawo atamfa da lalle, fuskar kuma suka aro ta daga Instagram. Mona Lisa mai ɗankwali ba ta zama ƴar Maraɗi ba, kuma ta daina zama matar Italiyar da Leonardo ya zana. Ko a unguwar Mokoyo ko a unguwar Zariya ban taɓa haɗuwa da mai irin fuskar ba.

Sai ɓangaren babban yayanmu. Hadisan da suka tsananta kan masu sura suna cikin Buhari da Muslim, ba mai musu. A Malikiyya da muka tashi a kai an bambanta gunki mai inuwa da zane a kan shafi, wasu malaman kuma ba su karɓi wannan bambanci ba, haka aka yi saɓani a kan hoton kyamara. Fagen malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da uba zai so ya sani kawai shi ne, kaso mai yawa na zanen gidajen tarihin Turai tsiraici ne, yaron da ya shiga neman abin kwafi zai ci karo da shi tun a shafin farko.

## Inda abin ke taɓa wanda bai damu da zane ba

Yarinyar da ta buɗe ido ta ga kyawawan duniya, na jiya da na yau, duk fuskarsu ɗaya, har sarauniyoyin tarihi, me za ta ce wa madubi? Hotunan Sarauniya Amina da Daurama da ke yawo a Facebook na'ura ce ta ƙaga su, matan sun riga kyamara da ɗaruruwan shekaru, amma dubi hancin da hasken fatar da ake ba su. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya da kashi 25 na matan Mali suna amfani da man bilicin, wanda wasunsa ke ɗauke da sinadaran da ke lalata fata da ƙoda. Kayan da ke kasuwar Kano da Katsina kuwa ba sa kwana biyu ba su tsallako Ɗan Isa ba. Zanen waya bai ƙirƙiro bilicin ba, amma talla yake yi masa kyauta.

Wasu ƙasashe sun fara tilasta a faɗa. A Faransa tun 1 ga Oktoban 2017, hoton talla da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallan dole a rubuta cewa an gyara shi. Norway ta bi sahu a 2022. Dokar ba ta hana gyara ba, ɓoyewa ta hana.

Mai shagon da ya yi mini hoton Inna kuwa, da na koma masa, bai yi musu ba, amma ya ce in tsaya in ga masu zuwa. Amarya ta farko da ta shigo karɓar sitikar bikinta, kafin ta zauna ta ce: "Don Allah Malam a ɗan haska ni." Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce in bai haska ba, shago na gaba za ta tafi, kuma kuɗin haya ba ya jira.

Namu dai ya karɓa ya sake. Manhajar ya ajiye, ya koma kan hoton asali, ya jawo shi kusa har ya dushe, yana neman inda kowace tsaga ta fara. Wasu ba sa ganuwa, ninkin ya cinye su. Sai na tuna Gwaggo irin askar ce a fuskarta, gida ɗaya wanzami ɗaya. Na ɗauko ta a adaidaita. Ta zauna kan benci a ƙofar shago tana mita, ya ɗauki kuncinta dama da hagu, ya ɗora a gefe yana kwafa da yatsa layi bayan layi, ita kuma tana ƙirgawa a fuskarta tana gyara masa. Kwana biyu ya yi a kai, ya ce bai taɓa kallon fuskar mutum tsawon haka ba.

Hoton yana rataye a ɗakinta yanzu, sama da jeren kwanoni. Ta ce askar ta yi daidai. Hancin ne dai har yau take cewa na wata ne.